Sunan Ɗana a Ƙarshen Waƙa

Ni ban iya rubutu ba. Maƙwabciyata ce ke rubuta mini wannan, wata Kirista ƴar kudu da ta koyar a lakkol, wato makaranta, nan Diffa har ta aje aiki. Duk unguwa Madam muke ce mata. Na roƙe ta ta rubuta yadda na faɗa, in kuka ya zo mini ta jira ni, kuma kada ta sa sunan kowa. Saboda jikokina nake yi. Ana faɗa musu a waje cewa ubansu ya gudu ya bar gonarsa, ina son su san wanda ya jawo hakan.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, mawaƙi ne, gurmi yake kaɗawa. Mutumin Damagaram ne. Ya zo gabas yana saurayi yana bin kasuwanni, ya same ni a ƙauyenmu na bakin Komadugu, kudu da Shetimari. Ni Babarbariya ce, a ɗakinsa na gyara Hausata, har ya mutu yana yi mini dariyar yadda nake faɗin wasu kalmomi. Ba babban mawaƙi ba ne. Noman tattasai ke ciyar da mu, gurmin kuwa goro yake kawowa, da riga ɗaya a shekara in an yi sa'a.

Waƙa ɗaya ce tasa ta fita. Kogin nan namu yakan ƙafe da rani, ya zama yashi, jaki ya ƙetare shi. In damina ta kama sai ruwa ya taho daga yamma a hankali, ƙauye bayan ƙauye, ana aiko da labari: ya wuce wuri kaza, gobe yana wurinku. Ranar da ya iso kowa zai fita bakin gaɓa ya tarye shi kamar baƙo. A kan wannan ranar ya yi waƙar. Mu waƙar zuwan ruwa muke ce mata.

Mawaƙan zamaninsu ba sa rufe waƙa haka kawai. Sai mutum ya faɗi kansa a ƙarshe, ni ne wane ɗan wane na gari kaza, don duk inda ta je a san mai ita. Maigidana ya ƙara da nasa. Lokacin ɗanmu na fari yana koyon tafiya, uban na ji da shi ƙwarai, sai ya kira sunan yaron har sau uku, ya ce gonar da ke gwiwar kogi, gindin tsamiya biyu, ita ce gadonsa. Ni kuwa, da yake ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, sai dai in ce kai, ko in ce yaron nan. Duk sanda waƙar ta kai wurin sai in ja gyale in rufe fuska, mata su yi ta tsokanata.

Wani ɗan kasuwa ya zo da rakoda ya ɗauke ta a zaurenmu. Ya ba maigidana buhun gero da turmin atamfa, ya bar mana kaset ɗaya. Muka yi ta godiya. A wurinmu an gama biyan waƙa ke nan.

Sai fitinar nan ta zo. Ba ma kiran sunansu, yaran daji muke cewa. Ba sa son kiɗa. Mai gangar da ke bin maigidana wuraren biki, sun same shi a hanyar gona, har yau ba mu ga ko takalminsa ba. Ranar da labarin ya zo maigidana ya ɗauki wuƙa ya yanke tsirkiyar gurminsa, ya ba ni ƙoƙon ya ce in riƙa awon gero da shi. Bayan haka muka taso muka zo Diffa tare da sauran jama'a, lokacin da aka hana hawan moto, wato babur, har tattasan ma aka hana fita da shi. Bai ƙara yin ko gunaguni na waƙa ba. Damina huɗu ke nan da rasuwarsa. Yana kwance ya ce mini, "Kaset ɗin nan, ki sa shi ƙasan akwati. Kada ki jefar, kada ki kunna." Na ce to.

Da abubuwa suka ɗan lafa, ɗana ya koma gona. Matarsa da ƴaƴansa suna nan wurina, shi yana can, yakan zo ranar Talata in ana kasuwa. Masu noma a bakin kogi suna ba yaran daji kasonsu kowace kaka, a bar su su yi aiki. Amma in suka ji mutum na da wata dukiya, ko ɗan'uwa a gwamnati, ɗauke shi suke yi sai an fanshe shi, wani lokaci ma a biya kuma ba ya dawowa. A can da laƙabi aka san ɗana. Tsofaffin da suka san ubansa sun watse ko sun mutu. An taɓa tambayarsa sana'ar ubansa, ya ce manomi ne, kuma bai yi ƙarya ba.

Bara ina cikin keke mai ƙafa uku zan je asibiti sai na ji waƙar zuwan ruwa a rediyon direba. Ba muryar maigidana ba ce. Wani yaro ne a Yamai ya sake ta da kiɗan zamani. Bai canza ko kalma ba, sai ƙarshen da ya yanke ya sa sunansa. Kafin wata biyu babu gidan biki da ba a sa ta, in wayar mutum ta yi ƙara ita ce. Nakan tsaya a hanya in yi kuka, amma a raina ina cewa gara da ya yanke.

Wata safiya ina shanya tattasai a tsakar gida aka yi sallama. Wani ne mai tabarau da jakar takardu, daga ofishin da ke kula da haƙƙin mawaƙa. Ina ganin doguwar fuskarsa na san Bafillace ne, ya ce daga Fulatari yake. Fulani kuwa abokan wasanmu ne.

"Ina baiwar gidan nan?" in ji shi. "Ubangidanki ya zo, ko tabarma babu?"

Na ce, "Yau kuma bawa ne ke shigo mini da takalmi a ƙafa? Ina nonon da ka kawo wa uwar ɗakinka?"

"Saniyar ta ji za a kai wa Barebari, ta hana."

"Zauna a ƙasa, can ne wurinka."

Na yi dariya ranar, abin da na daɗe ban yi ba. Shi ya sa na saki jiki da shi. Na aika aka kira Madam don ta ji abin da ke tafe da shi.

Ya tsinci tattasai huɗu daga tabarma ya jera a gabana. Ya ce, "Inna, duk sanda aka sa waƙa a rediyo, ko a gidan biki mai lasisi, ko wani ya saurare ta a waya ta hanyar kamfani, akwai ɗan kuɗi da ke faɗawa a asusu. Kaɗan ne, wani lokaci ko dala bai kai ba. Amma in mutane da yawa suka yi ta saurara sai ya taru. In ya taru sai a raba. Wannan na wanda ya tsara kalmomi ne. Wannan na wanda ya ƙirƙiri karin. Wannan na wanda ya rera, wannan na wanda ya ɗauka ya fitar." Ya tura biyun farko wajena. "Waɗannan na mijinki ne. Tunda ya rasu, na magadansa ne, har shekaru masu yawa."

Na ce, "Ai an biya shi. Buhun gero da atamfa."

"An biya shi na ranar. Waƙa ba akuya ba ce da za a sayar sau ɗaya a tafi da ita."

"To wa ke zaune yana ƙirga kunnuwan mutane?"

"Na'ura."

Ya ce a ƙasashen Turawa akwai waƙoƙin da masu su suka mutu tun kafin a haife shi, jikokinsu na ci har yau. Ya ce waɗanda suka fi kawo kuɗi ba dole su ne suka fi daɗi ba, su ne waɗanda aka ɗaure da abin da ke dawowa kowace shekara, kamar ranar haihuwa ko sallar Kirista. Madam ta ce haka ne, akwai waɗanda suke ji duk kirsimeti tun tana yarinya. Ya ce, "Ta mijinki da kogi aka ɗaure ta. Duk shekarar da ruwa ya zo za a neme ta. Yanzu haka a ƙasar nan waƙoƙin da suka kai ta kawo kuɗi ba su da yawa. Kuma duka huɗun yaron Yamai ke kwashewa, don ya rubuta cewa waƙar gargajiya ce, ba ta da mai ita."

Wannan maganar ce ta soke ni. Ba ta da mai ita. Ni da na ga mutumin nan zaune gindin tsamiya yana juya baiti ɗaya kwana uku, yana tambayata ko ya zauna daidai. Sannan wani tunani ya zo mini. In kuɗin nan ya samu, ɗana zai yi jari a gari, ya bar bakin kogi, in daina ƙirga kwanaki daga Talata zuwa Talata.

Bafillacen ya ce shaida ake bukata, tsohon kaset wanda ke da ƙarshen, inda mai waƙa ya faɗi kansa. Ya ce ya nema ko'ina bai samu ba. Na ce masa akwai ɗaya a akwatina. Sannan na gaya masa abin da ke cikin ƙarshen, da inda ɗana yake.

Ya ce, "Mutum huɗu ne za su ji shi a Yamai, cikin ɗaki a rufe. Na rantse miki."

Na ce, "Aro zan ba ka. Daga azahar zuwa la'asar. Ka dawo mini da shi a hannuna."

Ɗana yana gona, can kuma waya ba ta shiga. Da na jira Talata. Ban jira ba, don na san zai hana, kuma ina so in ba shi mamaki.

Kafin kiran la'asar mutumin ya dawo da kaset, ya sa mini a tafin hannu. Na duba shi gaba da baya, shi ne, da ɗan tsagin da ke gefensa. Na naɗe shi a zane na mayar ƙasan akwati na rufe. Hankalina ya kwanta sarai. Duk rayuwata in na ba da aron tukunya aka dawo mini da ita, to tana ɗakina, ba ta kuma wani wuri. Haka na ɗauki waƙar. Ban tambaye shi yadda mutanen Yamai za su ji abin da ke cikin akwatina ba. Madam ta ce ita ma tunanin bai zo mata ba, kuma har yau tana jin ciwon hakan.

Abin da ya faru, a ofishinsu babu sauran rakodar da ke cin kaset. Sai ya kai shi wata rumfa a kasuwa inda ake tura wa mutane waƙoƙi a waya, mai rumfar yana da tsohuwar rakoda. Ya tsaya a kansa har ya juye masa, ya biya shi, ya karɓi kaset ya taho. Amma waƙar ta kwana a cikin na'urar mai rumfa.

Sati uku bayan haka, ranar Talata, na shiga kasuwa sayen busasshen kifi. Ina taya kifi sai na ji gurmi. Na san hannun tun kafin murya ta fito. Maigidana ne, da ƴar shaƙewar nan tasa, har da kukan zakaran gidanmu na ƙauye a bayansa. Ku yafe mini, farin ciki na fara yi. Na tsaya da kifi a hannu ina murmushi kamar amarya. Sai waƙar ta yi ta tafiya, ta wuce inda ta yaron Yamai ke tsayawa, ba ta tsaya ba. Ya faɗi sunansa da na ubansa. Ya kira ɗana sau uku. Ya ce gwiwar kogi, gindin tsamiya biyu.

Daga wayar mai kifin take fitowa. Ya ga na ƙame, ya ce, "Inna, kin san ta? Asalin ce wannan, ta tsohon. Dala ashirin ake turawa a rumfar can. An ce iyalinsa sun zama masu kuɗi, miliyoyi ake aiko musu."

Na duba rumfar. Layi ne a gabanta, kuma rabinsu mutanen bakin kogi ne da suka kawo kaya, waɗanda za su koma da yamma. Ɗana bai zo kasuwa ranar ba, lokacin ban ruwa ne.

Ban san yadda na kai ofishin ba. Bafillacen na ganina ya fara, "Baiwata ta zo gaisuwa," sai ya ga fuskata ya haɗiye sauran. Da na gaya masa ya fita da gudu ko hula bai ɗauka ba. Ya sa mai rumfa ya goge. Mai rumfar ya ce, "Na goge, ranka ya daɗe, amma kwana goma sha ina turawa. Kuma wanda ya samu yana ba wani kyauta." Da ya dawo ya durƙusa a gabana ya ce, "Inna, na cuce ki." Na ce masa ya aika a karɓo ta daga wayoyin mutane, in kuɗi ne a cire daga rabona. Ya ce ba mai iya wannan, ko gwamna. Ya ce irin wannan turawar ma ko dala ba ta kawo wa mai waƙa.

Na aika wa ɗana saƙo ta bakin mutum biyu cewa ya zo. Sai Talata ta gaba ya iso. Bai yi wasa da yara ba, bai nemi ruwan wanka ba. Ya zauna a ƙofar ɗakina da ƙurar hanya a ƙafarsa.

"Iya, ina kaset ɗin Baba?"

"Yana akwati."

Na tashi na ɗauko na kwance zanen na nuna masa, kamar hakan zai gyara wani abu. Ya dube shi, ya dube ni. Sai na gaya masa komai.

Ya ce ranar Juma'a da hantsi yana wajen injin ban ruwa mutum biyu suka fito daga cikin ciyawar gaɓa. Suka yi sallama, suka roƙi ruwan sha, suka zauna a inuwa. Ɗayan ya aje waya a ƙasa. Su da ba sa jin waƙa, ƙarshen kawai ya kunna. Da ta ƙare ya ɗaga kai ya nuna itatuwan tsamiyar da yatsa, ya ce ɗaya, biyu.

"Ya ce mini, ashe kai ɗan babban gida ne, kake ɓoye mana. Na ce ubana ya rasu, ni manomi ne. Ya ce sun sani, Allah ya jiƙansa, ya yafe masa kiɗan da ya yi. Ya ce in ci gaba da aikina, za su dawo in tattasai ya nuna. Ya ce bana gona biyu za su auna mini, ta ƙasa da wadda Baba ya bar mini a waya."

"Sun taɓa ka?"

"A'a. Har godiyar ruwa suka yi."

Ya kwana biyu a gida. Rana ta uku da safe na fito na gan shi yana ɗaure jakarsa, ga jarkar mai a gefe. Matarsa tana tsaye a bakin madafa, idonta ya kumbura.

Na ce, "Ina zuwa?"

"Saura kwana goma tattasan ya yi ja, Iya. In ba a ba shi ruwa ba zai ƙone. Wahalar shekara ce."

"Sun ce za su dawo."

"Zan yi musu bayani. Ko dala ba mu gani ba tukuna."

"Mai gangar babanka ma baki gare shi."

"To me za mu ci? Waƙa?"

Ya saɓa jaka ya nufi zaure. Na riga shi, ban san inda na sami ƙafar ba, na zauna a bakin ƙofa na miƙe ƙafafuna. Ya ce, "Iya, don Allah ki tashi, mota za ta tafi." Ya raɓa ta gefe zai wuce.

Sai na kira sunansa.

Shekararsa arba'in da wani abu, bai taɓa jin sa a bakina ba. Ni ma ban san yadda zai fito ba. Ya fito da ƙarfi, har Madam ta ji daga gidanta. Na kira sau uku, yadda uban ya yi. Ya tsaya da ƙafa ɗaya a waje. Ya daɗe a haka yana kallon titi. Sannan ya sauke jakar a hankali ya jingina ta da bango, ya zauna kusa da ni a ƙasa, muka yi kuka mu biyu, mutane na wucewa suna kallonmu.

Bai koma ba. Maƙwabcin gonarsa ya gaya mana tattasan ya yi ja kamar ba a taɓa yi ba, rabi ya ƙone a tsaye, rabi an tsince. Ya ce yaran daji sun zo sau biyu suna tambaya. Na biyun sun tafi da injin ban ruwa, sun sare tsamiya ɗaya.

Takardar Yamai ta fito bayan watanni. An rubuta waƙar da sunan maigidana, na dangwala yatsa a madadin magada. Kuɗin farko ya zo ta waya. Ba miliyoyi ba ne. Ya isa ɗana ya kafa tebur a kasuwa, yana sayar da tattasan da wasu suka noma. Abin da na roƙa ke nan tun farko, ya bar bakin kogi, kuma na samu. Amma yakan dawo da yamma ya zauna yana murza tafin hannunsa da ya fara laushi, ba ya yi mini magana sai gaisuwa. Bafillacen yakan zo duk sanda za a yi rabo. Yana cire takalmi tun daga waje, kuma ba mu ƙara yin wasa ba.

Ruwa ya zo bana, sati biyu ke nan. Tun daga ranar waƙar ke tashi ta ko'ina, ta yaron Yamai a rediyo, ta maigidana a wayoyi. In ta yaron ce nakan ci gaba da aikina. In na ji gurmi sai in aje abin da ke hannuna in saurara, in ji daga wane gida take fitowa, ko daga titi ne, kuma ko mai wayar tafiya yake ko tsaye.

Shekaranjiya Madam tana sayen gawayi a bakin layinmu wani ya gaishe ta da ladabi, ya tambaye ta gidan iyalin mai gurmi. Ta ce ita baƙuwa ce, ba ta san kowa ba. Ya yi godiya ya wuce, bai tambayi wani ba. Ɗana ya sami ɗaki biyu a wata unguwa, jibi za mu kwashe kaya, ban gaya wa Madam ko wace unguwa ba, ita ma ta ce kada in gaya mata. Kaset ɗin yana ƙasan akwati, na ɗaure akwatin da igiya tun jiya.